Yaro a Bayan Fage: Nazarin Rayuwar Ayarin Sarkus Cikin Littafin Toby Tyler da Finafinan da Suka Biyo Bayansa

1.0 Gabatarwa



Galibin takardun da akan gabatar a kan wasannin jama'a sukan tsaya ne a kan abin da ɗan kallo yake gani, watau kiɗa da rawa da kirari da sutura, da irin bajintar da ɗan wasa yake nunawa idan ya shiga fage. Ita wannan takarda ta bayan tanti za ta zagaya. Abin da muke so mu duba shi ne yadda marubuci da masu shirya fim suka sifanta zaman yau da kullum na yaron da ke bin ayarin wasa gari-gari: inda yake kwana, abin da yake ci, wanda ke riƙe masa kuɗi, da wanda ke da ikon ɗaga masa hannu. Mun ɗauko misalinmu daga Amurka, domin a can ne muka sami littafi guda da finafinai da suka yi ta juya wannan batu har tsawon shekara 130, daga 1881 zuwa 2011.

Ra'ayin da za mu kare shi ne, tsohon littafin nan na 1881, duk da wa'azin da ya yi masa katutu da kuma raunin ƙarshensa, ya fi finafinan da suka biyo bayansa faɗin gaskiya game da matsayin yaro a ayari. Dalili kuwa shi ne bai kau da kai daga maganar kuɗi da iko ba. Muna roƙon malamai su yi mana gyara inda muka kauce, domin mai koyo ba ya rasa tuntuɓe.

2.0 Abin da Ake Nufi da Sarkus

Kafin mu tsunduma, ya kamata mu yi wa kalmar nan fashin baƙi. Sarkus wasa ne da ake yi a zagayayyen fage, 'yan kallo suna kewaye, inda ake haɗa sukuwar dawaki da alkafura da tafiya kan igiya da lilo a sama da barkwanci da wasa da dabbobi, duk a zama ɗaya. Masana tarihin wasan sukan danganta asalinsa na zamani ga Philip Astley, wani tsohon sojan doki da ya fara nuna gwanintar hawa a Landan a 1768. Daga baya aka daidaita faɗin fagen a kan ƙafa 42, kimanin mita 13, wanda ya dace da doki mai zagaye da mahayi a tsaye a bayansa. John Bill Ricketts ya kai wasan Filadalfiya ta Amurka a 1793. A 1825 kuma Joshuah Purdy Brown ya fara yin sa a cikin tantin zane, kuma wannan tanti shi ne ya mai da sarkus matafiyi, tun da ana iya naɗe shi da dare a kafa shi a wani gari da safe. A 1872 ayarin P. T. Barnum ya koma tafiya a jirgin ƙasa, amma ƙananan ayarori suka ci gaba da jan karusai da dawaki a kan hanyoyin taɓo. Irin wannan ƙaramin ayari ne littafinmu ya sifanta.

Bahaushe ba zai ji abin baƙo ƙwarai ba idan ya tuna da gardawa masu wasa da kura da maciji da biri, waɗanda su ma kasuwa-kasuwa suke bi, kuma ba a raba su da yara. Za mu komo kan wannan a ƙarshen takarda.

3.0 Littafin da Marubucinsa

James Otis Kaler, wanda ya yi rubutu da sunan James Otis, an haife shi a Jihar Maine a 1848, ya rasu a 1912. Ɗan jarida ne, daga baya ya zama mai kula da makarantun garin South Portland. Labarin Toby Tyler ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar yara ta Harper's Young People daga ƙarshen 1880, sa'an nan aka buga shi littafi a 1881. Cikakken sunan littafin yana nuna cewa mako goma yaron ya yi tare da sarkus, kuma a kan waɗannan makonni goma aka gina zubin labarin baki ɗaya.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Toby maraya ne, ɗan tsintuwa, yana hannun wani dattijon coci da ake kira Kawu Daniel a ƙauyen Guilford. Yaro ne mai ci, dattijon kuwa ba ya gajiya da yi masa gorin cewa abin da yake ci ya fi abin da yake aikatawa. Ran da sarkus ya sauka ƙauyen, sai wani mai sayar da gyaɗa da alewa da ruwan lemo, Job Lord, ya yaudare shi da alkawarin dala ɗaya a mako da ci da kwana. Toby ya sulale da dare ya bi ayari. Tun kafin gari ya waye ya fara da-na-sani, sauran littafin kuwa duk ƙoƙarinsa ne na tara kuɗin komawa gida.

3.1 Yini da Dare a Ayari

A nan ne ƙarfin littafin yake, don haka za mu ɗan daɗe a kai.

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne marubucin ya juya agogon ɗan kallo. Shi ɗan kallo sarkus yana farawa ne idan aka busa ƙaho, ya ƙare idan aka yi tafi. A wurin Toby kuwa lokacin wasa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin yininsa. Da an tashi daga wasan dare sai a kwance tanti, a ɗaure kaya, karusai su kama hanya cikin duhu. Makwancin yaron shi ne saman karusar birai, kusa da tsoho Ben mai tuƙi, yana gyangyaɗi yana tsoron faɗowa. Da asuba ayari yakan tsaya a bayan gari, a wanke karusai, a goge dawaki, a sa tutoci, mutanen da suka kwana cikin ƙura su sa kayan ado, sa'an nan a shiga gari da kiɗa kamar daga fada aka fito. Wannan tsayawa ta bayan gari, a ganinmu, ita ce hoton da ya fi kowane muhimmanci a littafin. A nan ne mai karatu yake ganin yadda ake ƙera ƙawa, da kuma hannuwan da ke ƙera ta.

Bayan an shiga gari aikin Toby shi ne ɗebo ruwa, da wanke kofuna, da tsare tebur. Idan wasa ya kankama sai a tura shi cikin tanti ya riƙa ratsa kujeru yana tallan gyaɗa da lemon da ruwa ya fi yawa a cikinsa, ƙarƙashin abokin cinikin Lord mai suna Jacobs, wanda ya fi Lord zafin hannu. Watau yaron da ya bar gida don ya ga wasa kullum, ga shi cikin tanti kullum, amma bayansa yake ba fage, idonsa na kan aljihun 'yan kallo. Marubucin bai tsaya yi mana sharhi a kan wannan ba, ya bar mu mu gani da kanmu, kuma da haka ya yi a ko'ina da littafin ya fi haka kyau.

Sai maganar kuɗi. Da wuya a sami littafin yara da ya damu da lissafi kamar wannan. Tun a babin farko ciniki ake yi: yaro ya ba da kwabonsa ɗaya, an ƙirga masa 'yan ƙwayoyin gyaɗa, yana neman a musanya masa ruɓaɓɓu. Daga baya wani ɗan kallo ya cuce shi da kuɗin jabu, kuma a kansa laifin ya faɗa. Wasu 'yan kallon kuma, ganin fuskarsa ta tausayi, sukan bar masa canji, har iyayen gidansa suka gane cewa baƙin cikin yaron ma haja ne, tun da yana ƙara ciniki. Abin da yake samu ta wannan hanya shi yake ƙullewa don guzurin gudu. Sa'an nan a wani dare, yana barci a kan karusa, tsohon birin da ya zama amininsa, wanda ya laƙaba wa suna Malam Stubbs, ya zaro kuɗin ya yi ta jefarwa a hanya ɗaya bayan ɗaya. Mai karatun da ya bi tarin kuɗin nan tun daga farko zai ji zafin asarar a jikinsa, domin marubucin ya riga ya koya masa abin da kowane kwabo yake nufi: taki ɗaya ne zuwa gida.

Game da iko kuwa, littafin bai ɓoye bulala ba. Lord yana duka, Jacobs yana duka. Da Castle, mai koyar da hawan doki, ya ga yaron zai yi amfani a fage, sai suka shirya da Lord a kan yadda za su ci moriyarsa, ba tare da an tambaye shi ba. An sifanta koyon dalla-dalla: a ɗaura wa yaro ɗamara, a rataye ta da igiya a jikin wani itace mai zagayawa tare da doki, ta yadda in ya zame sai ya yi reto a sama maimakon ya faɗi ƙasa, malamin kuwa yana tsakiyar fage da bulala. Na'urar tana kare shi daga karaya, amma babu abin da ke kare shi daga malamin. Ranar da ya fito gaban jama'a tare da yarinya Ella, an sauya musu suna zuwa na Faransawa don a burge 'yan kallo, an yi musu tafi mai yawa. Wani marubucin a nan zai rufe littafi, ya ce yaro ya sami ɗaukaka. Otis kuwa a daidai wannan nasara ya sa Toby ya gudu, domin tafin bai sauya kome ba game da wanda ya mallake shi.

Kada a ɗauka marubucin ƙago wannan zalunci ya yi don ya tsorata yara. A 1875 aka yi wa ƙungiyar hana zaluntar yara ta New York rajista, kuma cikin shari'o'inta na farko akwai ta wani ƙaramin ɗan wasan igiya da ake tallarsa da sunan Yarima Leo. A 1876 Jihar New York ta kafa dokar hana sa yaron da bai kai shekara 16 ba tafiya kan igiya ko alkafura ko sukuwar nuni. Ingila ta yi tata dokar a 1879 game da yaran da ba su kai 14 ba. Ke nan lokacin da kamfanin Harper ya buga littafin a New York, abin da Castle yake yi wa Toby laifi ne a dokar jihar da aka buga shi.

Duk da haka ba a mai da ayarin gidan azaba zalla ba. Waɗanda suka ji ƙan yaron su ne na ƙasa-ƙasa: tsoho Ben, wanda har ya taɓa lakaɗa wa Lord duka saboda shi, da wasu ma'aurata, Treat da matarsa, waɗanda ake nuna su don kuɗi, shi saboda tsananin rama, ita saboda tsananin ƙiba. Su suka kira shi walima ran Lahadi, ranar da ayari ke hutawa, matar kuma ita ta ɗinka masa kayan wasa. Mutanen da jama'a ke biya don su yi musu dariya, su ne masu mutunci a bayan tanti. Wannan juyi ya yi ma'ana, ko da yake marubucin da kansa bai daina yi wa jikinsu ba'a ba, abin da mai karatu na yau zai ji ya yi masa ɗaci.

3.2 Inda Littafin Ya Gaza

Babban jigon da marubucin ya nufa shi ne gargaɗi: yaro kada ya gudu daga gida. Saboda wannan jigo yakan dakatar da labari ya shiga nasiha, kuma kusan kowane dare sai an sa Toby ya yi kukan nadama. Wannan ya raunana tauraron, ya mai da shi allon da ake rubuta darasi a kai.

Amma gazawar da ta fi wannan girma ita ce ta warwarar jigo. Marubucin yana so mu ɗauki gida a matsayin tsira, ayari a matsayin halaka. To, amma me ya kori Toby daga gida tun farko? Gorin abinci ne, watau lissafin abin da yaro ya ci da abin da ya samar. Wannan kuwa shi ne ainihin lissafin Job Lord. Kawu Daniel da Lord ma'auni ɗaya suke riƙe da shi, sai dai ɗaya yana da tsoron Allah, ɗaya ba shi da shi. Labarin ya nuna haka sarai, amma marubucin bai bi zaren ba. Ya warware matsalar da hawaye: yaro ya komo, dattijo ya rungume shi yana nadama, shi ke nan.

Haka kuma mutuwar birin. Bayan sun gudu sun shiga daji, wani saurayi maharbi ya harbe Stubbs bisa kuskure, ya mutu a hannun Toby. Babu shakka wurin yana taɓa zuciya. Sai dai idan aka duba zubin labarin, za a ga hukunci ne aka yanke wa yaron ta hanyar kashe abin da yake ƙauna, alhali Lord da Jacobs da Castle sun wuce gari na gaba da ayarinsu ba abin da ya same su. Mai laifi ya tsira, mai tsautsayi ya biya. Wataƙila haka duniya take, amma ba abin da marubucin ya ce zai koyar ke nan ba.

Wani abin dariya kuma shi ne gargaɗin bai ci ba. Marubucin nan na Amurka Harlan Ellison ya sha faɗin cewa karanta wannan littafi ne ya sa shi gudu ya bi 'yan wasan gari-gari yana ɗan shekara 13. Ashe ƙamshin gyaɗa da ƙarar karusai sun fi nasihar ƙarfi.

4.0 Fim ɗin 1960

An mai da littafin fim tun a 1923, zamanin da fim ba ya magana, Jackie Coogan ya fito a matsayin Toby. Amma wanda aka fi sani shi ne na kamfanin Disney na 1960, wanda Charles Barton ya ba da umarni, Kevin Corcoran ya zama tauraro. Ba za mu daɗe a kansa ba, domin sauye-sauyen da aka yi a bayyane suke. An tattara mugunta a kan mutum ɗaya, mai sayar da gyaɗa, wanda aka sauya wa suna zuwa Harry Tupper, kuma babban laifinsa shi ne ɓoye wasiƙun da ake aiko wa yaron daga gida. An harbi birin, amma ya warke. A ƙarshe kuma mariƙan Toby suna zaune cikin 'yan kallo suna alfahari, shi yana sukuwa a fage.

Abin lura shi ne fim ɗin ya riƙe kayan bayan fage duka, da karusai da tafiyar dare da wankin kofuna, amma ya zare musu dafi. Wahala ta zama matakalar ɗaukaka. A littafi tafi shi ne ƙarshen abin da yaro zai iya jurewa, a fim kuwa tafi shi ne ladansa. Daga nan bayan fage ya zama wani fagen na biyu, wanda shi ma an share shi an yi masa ado kafin a shigo da ɗan kallo, tamkar dai tsayawar nan ta asuba a bayan gari.

5.0 Sarkus na Yara Zalla

A zamanin Otis yaro ɗaya ne ko biyu a cikin ayarin manya. A ƙarni na 20 sai aka sami ayarorin da yara ne 'yan wasansu gaba ɗaya. A Ostireliya an kafa Flying Fruit Fly Circus a 1979, Shekarar Yara ta Duniya. A Amurka kuma Rob Mermin, wanda ya yi barkwanci a ayarorin Turai kuma ya yi karatu a wurin gwanin wasan bebe Marcel Marceau, ya kafa Circus Smirkus a ƙauyen Greensboro na Jihar Vermont a 1987. Wannan na biyun shi ya shafe mu, domin sau biyu ana bin sa da kyamara: a 2000 tashar talabijin ta Disney ta nuna jerin shirye-shirye a kansa mai suna Totally Circus, a 2011 kuma Signe Taylor ta fitar da fim ɗin gaskiya mai suna Circus Dreams.

Tsarin ayarin a shekarun da aka ɗauki waɗannan hotuna shi ne kamar haka. Akan zaɓi yara kimanin 30, daga shekara 10 zuwa 18, ta hanyar gwaji. Su taru a Greensboro a farkon hutun bazara, su yi kamar mako uku suna haɗa wasa, sa'an nan su yi kusan mako bakwai suna zagaya jihohin arewa maso gabashin ƙasar da tanti mai cin mutum 750, su yi wasa sama da 60, sau da yawa biyu a yini. Akwai motar girki mai bin ayari. A garuruwan da aka sauka, iyalai masu sa kai ne ke ba yaran masauki. Yaran suna wanke kwanuka, suna ɗaukar kayan wasa, suna sa hannu wajen kwance kaya ranar tashi. Idan aka dubi jadawalin kawai, yinin waɗannan yara bai yi nisa da na Toby ba: tashi da wuri, aiki, wasa, naɗe kaya, hanya.

Bambancin yana wajen kuɗi da iko. Toby dala ɗaya aka yi masa alkawari, wasu suka ci guminsa. A nan kuwa iyaye ne ke biyan kuɗin horo, ana tallafa wa wanda bai da hali. Yaron ya zo da yardar iyayensa, akwai masu kula da shi, kuma ya san ranar komawa gida. Kogin kuɗi ya juya, yana gangarowa daga gida zuwa tanti. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, ba kuma muna zargin wannan ayari da wani abu ba ne. Abin da muke nazari shi ne labarin da fim ya zaɓa ya bayar.

Fim ɗin Taylor ya bi yaran tun daga gwaji har ƙarshen zagaye, kuma ya yi abin yabo wajen nuna cewa gwaninta gumi ce: maimaici, gajiya, zafin tanti, da zumuncin da ke ƙulluwa tsakanin waɗanda suka sha wuya tare. A wannan fanni ya fi fim ɗin 1960 nesa ba kusa ba. Amma idan muka tambayi abin da ke riƙe da hankalin mai kallo, sai mu ga damuwar kuɗi ce ta ita ƙungiyar: shin cinikin tikiti zai isa, ko kuwa za a rufe? Watau abin tausayi ya tashi daga kan yaro ya koma kan ayari. A littafin 1881 muna fatan yaro ya kuɓuta daga sarkus. A fim ɗin 2011 muna fatan yara su ceci sarkus. Da zarar an tsara labari haka, akwai tambayoyin da ba su da wurin zama a cikinsa. Yaron da gidansu ba su ma san ana irin wannan gwaji ba, ba zai bayyana ba. Haka kuma ba za a tsaya a kan cewa tikitin da ke riƙe da ƙungiyar, gumin 'yan shekara 14 ne ke sayar da shi ba.

Akwai kuma matsalar da ta shafi duk wani fim irin wannan. Mai kyamara ba ya shiga bayan tanti sai da izinin mai tanti, kuma baƙon da aka ba masauki ba ya leƙa ƙarƙashin gado. Yaran su ma 'yan wasa ne, an horar da su su san inda ido yake. Marubucin ƙagaggen labari ba ya neman izinin kowa, shi ya sa Otis ya iya shiga inda kyamara ba ta shiga.

Wani zai ce tambayoyin Otis sun tsufa, tun da doka ta hana bulala. Abin da ya faru da Circus Ethiopia ya isa amsa. An kafa wannan ayari na yara a Adis Ababa a 1991, ya yi suna, ya zagaya ƙasashen Turai, ana yabonsa a matsayin abin koyi wajen taimakon yara. A 1998, suna cikin zagaye a Ostireliya, 'yan wasa 15 suka ƙi komawa Habasha, suka nemi mafaka, suna zargin shugabancin ayarin da cin zarafinsu da ci da guminsu. Shekara bakwai jama'a suna tafi, 'yan jarida suna ɗaukar hoto, har sai da yaran suka yi abin da Toby ya yi, suka sulale.

6.0 Abin da Ya Shafe Mu

Mun yi alkawarin komowa kan gardawa. A 2005 da 2007 wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wani ayarin masu wasa da kura a Nijeriya, ya buga hotunan a littafi a 2007, suka zagaya duniya. A cikin ayarin akwai ƙaramar yarinya. Muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata kan lafiyar kurayen da birai, da kuma ko Bature ya kyauta da ya nuna Afirka haka. Ita yarinyar ado ce a hoto.

Mu ma ba mu tsira daga wannan ba. A kwalejin da muke koyarwa mun duba kundayen ɗalibai masu yawa a kan gardawa da 'yan tauri da 'yan kama, wasu ma mu muka duba su tun daga tsari har zuwa jarrabawa. Akan kawo asalin wasa, da kayan kiɗa, da kirari, da surkulle, da lokutan da ake yi. A babin masu wasa akan rubuta cewa akwai yara masu taimakawa, a wuce. Da muka tambayi wani ɗalibi inda yaran ayarin da ya yi nazari suke kwana, sai ya ce shi da rana ya je. Laifin ba nasa ba ne, domin takardar tambayoyin da ya tafi da ita mu muka sa mata hannu, kuma babu wannan tambaya a ciki.

Saboda haka a zangon karatun da ya wuce muka sauya tsari ga ɗalibai biyu masu nazarin masu wasa da biri. Muka ce kada su fara da ranar kasuwa. Su nemi izinin maigidan ayari su iso tun jajibere, su ga saukar kaya, su ga wanda ke ɗebo ruwa da wanda ke ba dabba abinci, su lura da wanda ke zagayawa da ƙoƙo idan wasa ya yi zafi da kuma hannun da ƙoƙon yake ƙarewa. Su tambayi yaron ɗan wane ne, da yardar wa ya biyo, yaushe rabonsa da gida, kuma in ya ce ya gaji, wa zai ba shi kuɗin mota. Ɗaya daga cikinsu ya komo ya ce maigidan ya amsa masa kome a kan kirari da magani, har ya ƙara masa da abin da bai tambaya ba, amma da ya juya zai yi magana da yaron, sai aka aiki yaron sayen goro.